Hoton Sama Kyauta, Littafin Ruwa a Kulle

A shekarar 1975 wani masanin muhalli, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da ƙaramin jirgi a arewacin Sudan yana duba inda tsiro ya ƙare rairayi ya soma. Ya gwada abin da ya gani da wata taswira ta 1958, sai ya ce cikin shekara 17 hamada ta gurguso kudu da kilomita 90 zuwa 100, wato wajen kilomita 5.5 duk shekara. Rahoton ba wani mai kauri ba ne, amma adadin ya bazu ko'ina. Ya shiga jawaban shugabanni, ya shiga littattafan makaranta, ya shiga takardun neman tallafi. Kusan kowace ƙasa da ke bakin Sahara sai da ta samo nata adadin. Namu na Nijeriya, kilomita 0.6 a shekara, har gobe ana karanta shi a bikin dashen itatuwa, kuma da wuya ka ji mai karantawa ya faɗi wanda ya auna da inda ya tsaya ya yi awon.

Tun kafin Lamprey an yi irin wannan. A 1935 wani Bature masanin gandun daji, E. P. Stebbing, bayan ya ratsa Arewa da kudancin Nijar da rani, ya rubuta cewa Sahara na tafe za ta cinye mu. Ingila da Faransa suka haɗa kwamiti ya bi iyakar Arewa da Nijar a 1936 da 1937, ya dawo ya ce bai ga wannan haɗari ba. Amma labarin tsoro ya fi rahoton kwamiti saurin tafiya.

Matsalar awon Lamprey a fili take ga wanda ya san tarihin damina. Shekarun 1950 shekarun ruwa ne a Sahel, 1975 kuwa ƙasa ba ta gama farfaɗowa daga farin 1972 da 1973 ba. Ya ɗauki lokaci biyu kacal, ɗaya na wadata ɗaya na wahala, ya ja layi a tsakaninsu. Sai a shekarun 1980 Ulf Helldén na Jami'ar Lund a Suwidin ya tattara hotunan taurarin ɗan'adam da tsoffin hotunan jirgi na yankin, ya nemi gurgusowar nan bai same ta ba. A 1991 Compton Tucker na hukumar NASA da abokan aikinsa suka bi iyakar tsiro shekara bayan shekara, suka ga ta yi kudu da kilomita 240 tsakanin 1980 da 1984, da ruwa ya ɗan dawo a 1985 kuma ta koma arewa da kilomita 110. Ashe kai-komo take yi tare da damina.

Ba cewa nake ƙasa ba ta lalacewa ba. Wanda ya ga tudun rairayi ya binne gona a Yusufari ko a Gure ba ya jiran tauraro ya ba shi labari. Abin da nake waiwaya shi ne tsawon lokacin da aka ɗauka kafin a iya gwada wata magana da hujja, alhali hujjar tana nan a ajiye, kuɗi ne kawai ya tsaya tsakaninta da masu bukatarta.

Domin tun ranar 23 ga Yuli 1972 Amurka ta harba tauraron farko na jerin da ake kira Landsat, daidai lokacin da fari ke ƙone Sahel. Kowane hoto nasa yana ɗauke faɗin ƙasa na kilomita 185, kuma bayan 'yan makonni tauraron yakan sake bi ta kan wuri guda. Waɗanda suka biyo baya daga 1982 suna rarrabe fili mai faɗin mita 30, suna dawowa duk kwana 16. Ana tara hotunan a wata cibiya da ke bayan garin Sioux Falls a jihar Dakota ta Kudu. Da farko farashin da ɗan dama-dama. Sai a 1984 majalisar Amurka ta yi dokar miƙa harkar ga 'yan kasuwa, a 1985 kamfanin EOSAT ya karɓa, farashin hoto ɗaya ya yi ta hawa har ya kai dala 4,400. Kuma wanda ya saya ba shi da izinin kwafa ya ba abokin aikinsa.

A tuna cewa a 1986 aka karya darajar naira, jami'o'inmu suka kasa ko biyan kuɗin mujallun da suka saba karɓa. A irin wannan hali ne malamin labarin ƙasa zai rubuta wasiƙa ƙasar waje, a aiko masa da jerin lambobi, kowane hoto da kwanan wata da ƙiyasin yawan gajimaren da ke cikinsa. Ya zaɓa, sau da yawa ba tare da ya ga hoton ba. Ya bi layin neman canjin kuɗi. Bayan watanni faifan maganaɗisu ya iso, sannan a shiga neman na'urar da za ta karanta shi, da wutar da za ta tsaya har a gama. In ya buɗe ya tarar gajimare ya zauna daidai kan dajin da yake son aunawa, ko hazon hunturu ya dusashe komai, to, kuɗi dai sun tafi.

Abin da wannan tsada ta haifar ya wuce ƙarancin hotuna, ta shiga har cikin yadda ake yin tambaya. Ɗalibin digiri na biyu a Zariya ko Kano ko Yamai yakan gina kundinsa kacokan a kan hoto biyu, tsoho da sabo, galibi ma ragowar abin da wani aikin raya karkara mai tallafin waje ya saya ya bari. Hoto biyu, layi a tsakani: kuskuren Lamprey ke nan, sai dai wannan karon talauci ne ya tilasta shi. In tsohon na watan Oktoba ne sabon na Maris, sakamakon zai ce daji ya ƙare. In aka juya, zai ce daji ya dawo.

Akwai kuma asarar da ba ta gyaruwa. Ɗan kasuwa ba ya ɗaukar hoton inda ba ya sa ran mai saye, kuma Landsat 5, wanda ya yi aiki daga 1984 har 2013, ba ya ajiye hoto a cikinsa, sai in akwai tashar karɓa a kusa. Shi ya sa in ka duba rumbun hotunan a yau za ka tarar da shekaru a cikin 1990 da 'yan kai waɗanda hotunan Afirka ta Yamma suka yi ƙaranci ƙwarai. Abin da ba a ɗauka ba a ranar, babu dokar da za ta dawo da shi.

A 1992 majalisar Amurka ta warware dokar 1984, Landsat 7 da aka harba a 1999 ya dawo hannun gwamnati, hoto ya koma dala 600. Duk da haka shekarar da aka fi ciniki, 2001, abin da aka sayar bai wuce hoto 25,000 ba a duniya baki ɗaya. Masu neman a buɗe rumbun, cikinsu har da Barbara Ryan ta hukumar binciken ƙasa ta Amurka, USGS, suka kawo hujjar da ta fi kowace sauƙi: manyan masu sayen hukumomin gwamnati ne da jami'o'in da gwamnati ke ba kuɗin bincike, ke nan gwamnati ce ke sayar wa kanta, bayan talaka ya riga ya biya kuɗin tauraron da harajinsa. Ba ma su ne suka fara ba. Birazil ta riga su tun 2004, lokacin da ta soma raba hotunan tauraron da ta haɗa da Sin kyauta, kuma ta ga yadda masu amfani suka ninka. A 2008 Amurka ta bi sahu. Kafin shekara ta zagayo an sauke hoto miliyan guda, a 2020 aka haura miliyan 100.

Yawan ba shi ne abin mamaki ba, kowa na son kyauta. Abin da ya canza shi ne mai bincike ya daina tambayar hoto nawa zai iya saya, ya koma tambayar me yake son sani. In gajimare ya rufe rabin hoton yau, sai ya ɗauki rabin da ya fito ya cike da na bayan kwana 16. Maimakon shekara biyu, sai ya jera arba'in. A 2013 Matthew Hansen na Jami'ar Maryland da abokansa suka fitar da taswirar dazuzzukan duniya, inda aka sare da inda ya tsiro daga 2000 zuwa 2012, da hoto 654,178. A tsohon farashi hotunan kaɗai sun haura dala miliyan 390, wato aikin da ko mafarkinsa ba a yi. Tarayyar Turai ta zo da nata taurarin Sentinel, wanda ya fi dacewa da gonaki aka harba shi a 2015, yana ganin mita 10, shi ma kyauta. Yau yarinyar da ke aji uku a jami'a, in tana da kwamfuta da datar dare, za ta iya jera hotunan fadamar garinsu tun kafin a haifi mahaifinta.

Tafkin Cadi ya ishe mu misali. Kowa ya ga hotunan nan da ake jerawa, tafki mai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya rabe biyu a farin 1973, ya koma ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Gaskiya ne. Amma da aka samu damar duba kowace shekara, har da ruwan da ke kwance ƙarƙashin ciyayi wanda ido ba ya gani daga sama, wani bincike da aka buga a 2020 ya nuna tafkin bai ci gaba da ƙanƙancewa ba a shekara 20 da suka gabace shi. Masunta da manoman bakin tafki sun san ruwan na zuwa yana komawa. Takarda ce ta makara. Haka kuma cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974 saboda wancan fari, ta haɗa hannu da USGS da masana na ƙasashe 17 suka fitar da kundin taswirorin Afirka ta Yamma a 2016, yana nuna yadda gona da daji da gari suka sauya a 1975 da 2000 da 2013.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Ɗigo ɗaya na hoton Landsat fili ne mai mita 30 kowane gefe, itacen da ke tsaye shi kaɗai a tsakiyar gona kuwa ɓacewa yake a ciki. Gawo ma ya ƙara da nasa hali: da damina, lokacin da komai ya yi kore, shi yake zubar da ganye. Taswirar dazuzzukan duniya ta dubi ƙasar Maraɗi da Damagaram ta ga kusan babu komai, alhali tun tsakiyar shekarun 1980 manoma ke barin tohon kututture a gonakinsu suna gyara shi, abin da ake kira sassaben zamani, wanda wani mai suna Tony Rinaudo ya taimaka wajen yaɗawa a Maraɗi. Kafin duniya ta yarda sai da Gray Tappan na USGS ya tono hotunan jirgi na 1975 ya gwada da sababbi masu kaifi, shi da wani mai bincike, Chris Reij, da masu bincike 'yan Nijar suka shiga gonaki suka ƙirga da ido. Ƙiyasinsu hekta miliyan 5 da itatuwa wajen miliyan 200. Da wani bai adana hotunan 1975 ba, da rubutun da ke nuna wane ƙauye ne kowanne, da babu abin gwadawa. A 2020 kuma Martin Brandt da abokansa suka ƙirga itatuwa biliyan 1.8 ɗaya bayan ɗaya a yammacin Sahara da Sahel, amma da hotunan kamfani masu ganin ƙasa da mita guda, waɗanda ba kowa ke da izinin taɓawa ba. Ƙofa ɗaya ta buɗe, ta cikinta tana nan da makulli.

Kyauta kuma ba ita ce ƙarshen magana ba, wannan darasi ne da aka koya da wahala. Tsohon hoto yana iya kaucewa wurinsa da ɗaruruwan mitoci, hasken na'urar 1985 ba daidai yake da na 2015 ba, wasu faya-fayan sun yi shekaru a tashoshin wasu ƙasashe cikin tsarin da na'urar karanta shi ta mutu. Daga 2010 aka shiga aikin tattaro su gida guda, rumbun ya ninka fiye da sau biyu. Sannan aka bi kowane hoto aka daidaita shi, aka yi wa kowane ɗigo alamar ko gajimare ne, ko inuwa, ko ƙasa. Aiki ne marar daɗi, ba a samun lambar yabo da shi, amma shi ne ya sa ake iya ɗora hoton bana a kan na shekara talatin. A 2014 wasu masana suka zauna a Leiden ta ƙasar Holan, a 2016 suka buga ƙa'idojin da ake kira FAIR. Gundarinsu shi ne bayanan bincike su kasance ana iya gano inda suke, a san hanyar karɓarsu da sharaɗinta, su kasance cikin tsarin da zai haɗu da na wasu, kuma a raka su da cikakken bayanin yadda aka samo su har baƙo ya iya aiki da su. Abin lura, ba su ce dole komai ya zama kyauta ko a buɗe ga kowa ba. Bayanan marasa lafiya dole a rufe su. Sun dai ce ko a rufe abu yake, a san yana nan, a san ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

To, mu sauko ƙasa, inda abin ya fi shafarmu.

Kowace safiya, a sa'a guda da ba ta canzawa, ma'aikacin tashar yanayi yakan je ya ɗaga mazurarin ma'aunin ruwa, ya juye abin da ya taru cikin kwalbar awo, ya ɗaga ta daidai idonsa, ya karanta, ya rubuta a littafi. A Kano da Yamai da Damagaram ana wannan tun shekarun farko na ƙarni na 20. Wanda ya buɗe irin wannan littafi zai ga abubuwan da lamba kaɗai ba ta faɗa. Tsoffin shafukan Nijeriya da inci aka rubuta su, na baya da milimita. Ruwan da aka auna da safe galibi na jiya ne, wani magatakarda ya mai da shi ranar jiya, wani ya bar shi a ta yau. Gurbin da aka bari fayau, ba a yi ruwa ba ne, ko mai awon ne ya tafi jana'iza? Sifili da rashin awo ba ɗaya ba ne, amma in aka kwafe su cikin kwamfuta da gaggawa sai su zama ɗaya, shekarar wadata ta koma shekarar fari. Wata tashar an ɗauke ta daga tsakiyar gari zuwa filin jirgi ba a canza mata suna ba. Jerin lambobin da ya rabu da wannan bayani kamar ƙullin magani ne da ba a rubuta sunansa ba: yana iya zama mai kyau, amma mai hankali ba zai sha ba.

Yau ɗalibi zai sauke hoton gonar ubansa na shekara arba'in daga Dakota cikin dare ɗaya, amma alƙaluman ruwan da aka auna a tashar da ke bayan gari sai ya rubuta takarda, ya jira, a yanka masa farashi. Kafin a yi saurin zargi, a ji ta bakin hukumomin. Wannan ba halin Afirka ba ne kaɗai. A shekarun 1980 da 1990 gwamnatoci da dama, har na Turai, sun ce wa hukumomin yanayinsu su nemo kuɗin shiga da kansu, shi ya sa yarjejeniyar hukumar yanayi ta duniya ta 1995 ta raba bayanai gida biyu, na wajibi da za a yi musanyarsu kyauta da na ƙari da ake iya sa wa sharaɗi. Sai a 2021 aka amince da sabuwar manufa mai faɗi. Hukumar da kasafinta bai isa sayen kwalbar awo ba, in ka ce ta saki abu ɗaya da take sayarwa, dole ka gaya mata wa zai biya mai awon. Akwai kuma tsohon ciwo. Baƙo ya zo, an ba shi alƙaluman da mutane suka yi shekara hamsin suna tarawa, ya koma ya buga maƙala, sunan masu awon bai fito ko a layin godiya ba, mujallar kuma sai an biya kafin su karanta. Wanda aka yi wa haka sau biyu, in ya ƙara wa durowarsa kwaɗo ban ga laifinsa ba.

Na fahimci dalilin, amma ban yarda kullewar ta amfane mu ba. Duba abin da ke faruwa. Mai bincike da ya gaji da jira sai ya koma ga CHIRPS, ƙiyasin ruwan sama da Jami'ar Kalifoniya ta Santa Barbara ke fitarwa kyauta, daga 1981 zuwa yau, kowane yanki mai faɗin wajen kilomita 5. Tauraro ba ya auna ruwa a ƙasa, sanyin saman gajimare yake dubawa ya ƙiyasta, sannan a gyara ƙiyasin da tashoshin ƙasa da aka samu bayanansu. In tashoshin sun yi kaɗan gyaran ya raunana. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin Afirka kashi ɗaya ne cikin takwas na abin da ya kamata. A kusa da Yamai akwai wani fili da aka cika da ma'aunai tun 1990, aikin da yanzu ake kira AMMA-CATCH, wanda bayanansa a buɗe suke, kuma ya tabbatar da lamba abin da kowane manomi ya sani, cewa ruwa yakan jiƙa wannan ƙauye ya tsallake na gaba. Ke nan mun riƙe awo na gaskiya a durowa, duniya kuma tana yanke shawara a kanmu da ƙiyasi.

Mu na jami'a ma bai kamata mu ɗaga murya da yawa ba. Kundi nawa aka rubuta a kan ƙasar noma, da rijiyoyi, da farashin hatsi a kasuwannin ƙauye, aka ɗaure da baƙin bango aka jera a kanta? Teburin taƙaitawa yana ciki, amma ainihin awon, gona bayan gona, yana cikin wata kwamfuta da ta mutu ko filashin da ya ɓace a aljihun wando. Bayan shekara biyar wani ɗalibi ya koma ƙauyen nan ya sake yi wa dattijan nan tambayoyin nan. Wannan ma ba namu ba ne mu kaɗai. Wani bincike da Timothy Vines ya jagoranta, wanda aka buga a 2014, ya bi maƙaloli 516 da suka fito tsakanin 1991 da 2011 yana neman bayanan da aka gina su a kai, ya tarar damar samunsu tana raguwa da kashi 17 cikin ɗari duk shekara, saboda adireshin da ya daina aiki da faifan da babu na'urar karanta shi. Maganin da aka samo ba mai tsada ba ne. An daɗe ana ba tarin bayanai lambar shaida ta dindindin irin wadda ake ba maƙala, ta yadda duk wanda ya yi aiki da su dole ya ambaci mai su. Ranar da kwamitin ƙarin girma zai ƙirga wannan ambato kamar yadda yake ƙirga maƙala, malamai za su fara ajiya ba tare da an roƙe su ba.

Dalili na ƙarshe da ya sa nake ganin bai kamata mu miƙe ƙafa ba shi ne kyautar nan a gidan wani take. A 2018 labari ya fito cewa gwamnatin Amurka na duba yiwuwar maido da kuɗi a kan Landsat, sai da kwamitin masu ba ta shawara ya ce asarar za ta fi ribar. A Janairun 2025 kuma shafin FEWS NET, tsarin gargaɗin yunwa da aka kafa a 1985 wanda hukumomin agaji a Sahel suka dogara da shi, ya rufe bayan an dakatar da tallafin Amurka na ƙasashen waje, ya yi watanni kafin ya dawo. Shirin Digital Earth Africa da aka fara a 2019 yana ajiye kwafin hotunan nahiyar a shirye don aiki, kuma mataki ne mai kyau. Amma taurarin dai ba namu ba ne. Littafin ruwa shi ne namu.

Akwai hanyar tsakiya da aka gwada. A Habasha, sannan a wasu ƙasashe, hukumar yanayi ta haɗa awon tashoshinta da ƙiyasin tauraro a cikin gidanta, ƙarƙashin shirin ENACTS da Tufa Dinku ya jagoranta, ta fitar da taswirori da jerin shekaru ga jama'a, ɗanyen awon kuma yana hannunta. Ba buɗewa ce gaba ɗaya ba, amma ta fi durowa.

Saura takardun da ba su taɓa shiga kwamfuta ba. A ƙarshen shekarun 1980 da cikin 1990, da tallafin Beljiyam, an ɗauki hoton takardun yanayi na ƙasashen Afirka da dama a kan ƙananan fina-finai, miliyoyin shafuka, aka ajiye a cibiyar ACMAD ta Yamai da kuma Brussels. A wasu wuraren gara da ɗigar rufi sun riga sun cinye asalin, fim ɗin ne kaɗai ya rage. An mai da su hotunan kwamfuta a 'yan shekarun nan, amma hoton shafi ba lamba ba ne, sai mutum ya zauna ya karanta rubutun hannu ya buga. Ingila ta nuna ana iyawa: a Maris 2020, lokacin kullen korona, Ed Hawkins na Jami'ar Reading ya sa tsoffin takardun ruwan ƙasarsu a intanet, masu sa kai wajen 16,000 suka buga awo fiye da miliyan 5 cikin kwana 16, kowace lamba mutane da yawa suka buga ta domin a kama kuskure. Wasu daga cikin shafukan Afirka kuwa ɗaliban Jami'ar Maynooth ta ƙasar Ailan ne suka buga su a matsayin aikin aji. Irin wannan aikin aji ana iya ba da shi a Bayero, ko Ahmadu Bello, ko Abdou Moumouni, inda ɗaliban suka san sunayen garuruwan, suka kuma san cewa ruwan milimita 80 a watan Janairu kuskuren alƙalami ne. Abin da yake bukata ɗakin kwamfuta ne, da malamin da zai duba, da sa hannun hukumar da ke da takardun.